Ƙungiyar Ƙwallon Unguwa da Littafin Rajistarta: Darasi daga Kano da Mathare domin Matasan Gatawa, Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa a ƙasar Hausa, asalinta da irin renon da take yi wa yara. Ta bi tarihin Kano, inda ƙananan ƙungiyoyi suka haifar da Kano Pillars, ta duba dokokin FIFA kan haƙƙin wanda ya reni ɗan wasa, sannan ta kwatanta da ƙungiyar matasan Mathare da ke Nairobi. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa rashin rubutu ne babban raunin ƙungiyar unguwa: ba a rubuta sunan yaro, ba a rubuta ranar haihuwarsa, ita kanta ƙungiyar ba ta da rajista da hukumar ƙwallo. Maƙalar ta nuna abin da hakan ke jawowa, da abin da gyara shi zai amfana wa matasan gabashin Sakkwato.

Gabatarwa



Idan ana maganar ci gaban wasanni a taro irin wannan, hankali yakan tafi kan babban filin wasa da kasafin kuɗin gwamnati da ƙungiyar jiha. Ni zan sauko ƙasa, zuwa ƙungiyar da ba ta da ofis, ba ta da mota, wadda dukiyarta ba ta wuce ƙwallo biyu da usur da buhun jesi ba. Irin wannan ƙungiya ce ke fara karɓar yaro yana ɗan shekara goma, ita ke koya masa tsayawa a lambarsa da ba da ƙwallo da bin umarnin alƙalin wasa. Kusan duk ɗan wasan Arewa da muka gani sanye da rigar Nijeriya ta hannunta ya biyo. Duk da haka ita ce ba ta da tarihi a rubuce, kuma ita ce ba a tunawa da ita ranar da kuɗi suka shigo.

Na zaɓi in ɗora bayanin a kan Kano domin a nan ne tarihin ya fi fitowa fili. Manufata kuwa Gatawa ce da Sabon Birni da Isa, ƙasar Gobir ta bakin iyaka, inda matasa suka fi kowa buƙatar abin da zai riƙe su a wannan zamani.

Daga ƙananan ƙungiyoyi zuwa Sai Masu Gida

Tamaula ta shigo Kano ta hanyar makarantun boko da ma'aikatan jirgin ƙasa da kamfanoni, bayan layin dogo ya iso birnin a 1911. Ba ta daɗe ba ta tsallaka daga Sabon Gari zuwa cikin ganuwa. A 1953 tawagar Kano ta ci Kofin Gwamna, gasar da aka fara a 1945, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauke shi. A 1972 Mighty Jets ta Jos ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko, a 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta ci tata.

Da aka buɗe gasar ƙwararru a 1990, sai aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa, aka samar da Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. Abin da ya biyo baya sananne ne. Pillars ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda Heartland ta fitar da ita. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti.

Abin lura a nan shi ne daga ina Pillars ke ɗibar 'yan wasa. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cika ne saboda akwai ɗaruruwan filayen ƙura a Fagge da Gwale da Dala da Kurna da Brigade, inda ake buga ƙwallo kullum bayan la'asar. Akwai kuma gasannin yara, irin Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, inda masu neman 'yan wasa ke zuwa su zauna su zaɓa. Sani Kaita da Rabi'u Ali da Gambo Muhammad duk 'ya'yan wannan gari ne. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ta Pillars ya bi kafin ya fita Turai, ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 2018. A Kaduna, Umar Sadiq ya fara ne a wata ƙungiyar unguwa mai suna Kusa Boys, daga nan ya shiga makarantar ƙwallo, a 2013 ya tafi Spezia ta Italiya, ya zo ya buga wa Roma da Almeria da Real Sociedad.

Mun san sunan Kusa Boys saboda yaronta ya yi fice har 'yan jarida suka tambayi asalinsa. Sauran dubbai sun zo sun wuce, kocinsu ya tsufa ko ya rasu, tarihinsu ya tafi tare da shi.

Yadda ake renon

Yana da kyau mu kalli aikin kansa kafin mu yi masa hukunci. Yawanci mutum ɗaya ne ƙungiyar, wato koci. Tsohon ɗan wasa ne da rauni ko hidimar iyali ta tsayar, yanzu tela ne ko malamin firamare ko ɗan acaɓa. Ƙarfe huɗu da rabi yana fili. Manya na atisaye a tsakiya, ƙanana na gefe da tsohuwar ƙwallon da aka ɗinke ta sau da yawa. Sandunan gola gora ce ko itacen darbejiya, a sama igiya. Akwai yaron da aikinsa ɗebo ruwa a jarka, akwai wanda ke tsince ƙaya da kwalba kafin a fara. Takalmi ɗaya yakan zagaya ƙafa uku a wasa guda: wanda aka canja ya cire ya miƙa wa mai shiga. Jesi gwanjo ne, an saye shi da karo-karo, kocin ne ke kai shi gida matarsa ta wanke. Da an kira magariba an tashi, kuma koci nagari ba ya barin fili sai ya ga ƙananan sun kama hanyar gida.

A cikin wannan akwai tarbiyya ta gaske. Yaron da ya zagi alƙalin wasa yana zaman benci. Wanda aka ji warin sigari ko sholisho a bakinsa ana kai maganarsa gida. Uba yakan zo fili ya ce, "Koci, ga ɗanka nan, ya daina zuwa Islamiyya," kocin kuma ya hana shi wasa sai ya koma. Sau da dama kocin ne ke fara gane yaro ba shi da lafiya, ko ya shiga mugun abota. Babu wanda ke biyansa wannan aiki.

A karkara irin ta Gobir lissafin ya ɗan bambanta. Damina ta gona ce, daga shuka har girbin gero da dawa fili yakan yi shiru, wani lokaci ma a nome gefensa. Da kaka ta wuce sai ƙwallo ta dawo, a shirya gasar ƙauyuka, a yi wasan Salla, wani mai hali ko ɗan takara ya sa kofi. Sannan rani ya kwashe manyan zuwa cirani. Kokawa kuma tana nan da farin jininta, musamman da yake ƙetaren iyaka, a Nijar, gasar kokawa ta cin takobi ce babban wasan ƙasa tun 1975. Duk tsarin da za a yi wa matasan wannan yanki dole ya bi wannan kalanda, in ba haka ba zai tsaya a takarda.

Abin da rashin rubutu ke jawowa

Na farko shi ne shekaru. Rage shekaru ya zama ruwan dare a ƙwallon yara har ba a jin kunyarsa. Ɗan shekara ashirin ya shiga gasar 'yan ƙasa da sha shida, ya ture yaron da gasar ta dace da shi, yaron ya karaya ya bar wasa. Tun 2009, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Nijeriya, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A watan Agusta na 2016 'yan wasa 26 na tawagar Nijeriya ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar. A lokacin Nijeriya ce ke riƙe da kofin duniya na 2015, wanda shi ne na biyar da ta ci bayan na 1985 da 1993 da 2007 da 2013, amma Nijar ta fitar da ita, ta wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya. Wannan abin kunya a filin unguwa ya faro, ranar da aka karɓi yaro ba a tambayi takardar haihuwarsa ba. Ba kullum ne ƙarya ce da gangan ba. Yaro da yawa a ƙauyukanmu ba a taɓa yi masa rajistar haihuwa ba, iyayensa sukan ce an haife shi shekarar ambaliya ko shekarar zaɓe.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan, domin yawancin kocinanmu ba su san dokar tana bayansu ba. Dokokin FIFA na musayar 'yan wasa sun tanadi haƙƙi iri biyu ga ƙungiyar da ta reni yaro. Akwai diyyar horarwa, wadda ake biya lokacin da ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre, saboda horon da ya samu daga shekara 12 zuwa 21. Idan ƙungiyar Turai ce daga manyan rukunai ta ɗauke shi, shekarun 12 zuwa 15 ana lissafa kowace a kan yuro 10,000. Akwai kuma kason tallafi: duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe biyu yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kwata na kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya.

Mu yi lissafi. A ce ƙungiyar unguwa ta riƙe yaro shekara huɗu, daga 12 zuwa 15, ya girma aka sayar da shi yuro miliyan 10. Rabonta kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato yuro 100,000. Kuma duk sanda aka sake sayar da shi a kan wannan sharaɗi za ta sake samu. Kuɗin da zai katange fili, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya biya kuɗin makarantar yara masu yawa ke nan.

Sai dai akwai sharaɗi. Ana bin fasfon ɗan wasa ne, wato takardar da ke jera ƙungiyoyin da aka yi masa rajista da su tun yana ɗan shekara 12. A watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris wanda ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya raba su kai tsaye, kuma abin da ke cikin kwamfuta kawai yake dubawa. Ƙungiyar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiharta, ko wadda ba ta shigar da sunan yaron ba, ba ta cikin lissafin ko da duk gari sun shaida ita ta rene shi. Sunan da zai fito shi ne na makarantar ƙwallon birni da ta karɓe shi yana ɗan sha bakwai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na zargin makarantun ƙwallo, su ma aiki suke yi, kuma sun yi abin da doka ta ce. Abin da nake cewa shi ne hasarar nan ana iya kauce mata da fom da hoto da takardar haihuwa.

Na uku shi ne tsaron yaron kansa. Sashe na 19 na dokokin FIFA na musayar 'yan wasa ya hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, kuma har Barcelona an hukunta a kan haka a 2014. Ahmed Musa ma, bayan ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. To idan wani ya zo ƙauye ya ce wa uba ya sayar da gona zai kai ɗansa mai shekara sha biyar gwaji Turai, ƙarya yake yi ko kuma karya doka zai yi. Ƙungiya mai rajista tana da bakin tambayar wannan mutum lasisinsa, tana da hukumar da za ta kai ƙara. Kocin da ba shi da komai a rubuce sai dai ya yi addu'a ya sallami yaron.

Abin da aka yi a Mathare

Mathare unguwar talakawa ce a Nairobi, babban birnin Kenya. A 1987 wani ɗan Kanada mai suna Bob Munro, wanda ya rasu a farkon 2025, ya haɗa kai da matasan unguwar suka kafa ƙungiyar wasanni da aka fi sani da MYSA. Tsarinsu mai sauƙi ne. Kowace tawaga ana rubuta 'yan wasanta da shekarunsu. Matasan da kansu ke zama koci da alƙalan wasa da shugabanni. Tawagar da ta fita ta kwashe shara ko ta yashe kwata ana ƙara mata maki a teburin gasa, kamar ta ci wasa. A 1992 suka fara gasar 'yan mata. A 1994 suka kafa Mathare United, wadda ta ci lig ɗin Kenya a 2008. A ƙarshen shekarun 1990 suka kai tsarin sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma.

Mathare ba ta fi mu fili ko kuɗi ba lokacin da ta fara. Teburin maki da littafin sunaye ne suka ba ta damar saka wa yaro a kan aikin gayya, su ne kuma suka sa masu ba da tallafi suka yarda da ita, tunda akwai abin da za a nuna musu.

Gatawa, Sabon Birni da Isa

Jama'ar wannan yanki sun san halin da suke ciki fiye da yadda maƙala za ta bayyana. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. A Disamba na shekarar aka ƙona matafiya a mota a Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suka riga mu. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, wajen 'yan'uwansu, domin Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri gida ɗaya ne tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Ba zan tsaya gabanku in ce ƙwallo za ta kori ɗan bindiga ba. Wannan aikin gwamnati ne da jami'an tsaro, kuma babu wasan da zai ɗauke musu shi. Abin da na gamsu da shi ya fi wannan ƙanƙanta. Yaron da aka rufe makarantarsa, aka hana ubansa zuwa gona, yana da yini guda a hannunsa ba abin yi, kuma akwai masu neman irinsa, daga daji da kuma cikin gari. Ƙungiyar da ke kiran suna kullum da la'asar ita za ta fara sanin wane ne bai zo ba kwana uku. A wurin da mutane ke watsewa cikin dare, littafin da ke ɗauke da sunan yaro da na mahaifinsa da ƙauyensu yana da amfanin da ya wuce ƙwallo.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa a fili. Rikicin nan ya raba Bahaushe da Bafulatani a garuruwan da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Ƙungiyar unguwa tana cikin 'yan wuraren da suka rage da ɗan manomi da ɗan makiyayi za su sa riga iri ɗaya. Ina ganin ya kamata duk gasar da hukuma za ta tallafa a wannan yanki ta ƙarfafa wa ƙungiyoyi su buɗe ƙofa ga yaran rugagen da ke zaune lafiya da maƙwabtansu, tare da sanin hakimai da arɗo-arɗo. Zai yi wuya, wasu iyayen za su ƙi, kuma raɗaɗin da ke ransu abin fahimta ne. Amma yaron da aka kora daga fili saboda asalinsa, mun san wanda zai karɓe shi.

Batun 'yan mata kuwa na iyaye ne da malamai da makarantun mata su tsara shi yadda ya dace da addini da al'ada, cikin harabar makaranta, a hannun malamai mata.

Matakin farko ba ya buƙatar sabon kasafi. Kowane koci ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya rubuta sunan yaro da na mahaifinsa, da unguwa, da ranar haihuwa, da makarantar da yake zuwa ta boko ko ta allo, da ranar da ya shiga ƙungiya, uba ko wakilinsa ya sa hannu ko ya dangwala. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a ajiye kwafi wajen sashen wasanni na ƙaramar hukuma, saboda gobara ko gudun hijira. A gayyaci jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ranar buɗe gasa su yi wa yaran takardar haihuwa a bakin fili. Mai sa kofi, ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa, ya sa sharaɗin cewa sai ƙungiya mai littafi za ta shiga. Malaman jami'o'inmu na Sakkwato kuma su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin kocina da tsofaffin 'yan wasa tun suna raye, a rubuta sunayen ƙungiyoyin da aka yi a Isa da Sabon Birni da shekarun da aka yi su.

Roƙona na ƙarshe ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Sakkwato ne da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Kocin Gatawa ba zai iya bin hanyar Goronyo zuwa filin Giginya don cike fom ba, hanyar da kowa ya san haɗarinta. Ku sauƙaƙa kuɗin rajistar ƙungiyoyin karkara, ku naɗa wakili a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, ku kai musu fom ɗin inda suke kafin gasar kaka mai zuwa.